Amaryata Ta Goge Wuƙar Mahaifina Har Ta Yi Fari

Assalamu alaikum Kawu. Ni mai tsire ne a Zariya, sana'ar da na gada. Da mahaifina ya rasu bara, cikin abin da ya zo hannuna har da wuƙarsa ta yankan nama, ƙirar maƙera, wadda ya fi shekara 20 yana aiki da ita. Baƙa ce wuluk, da ɗan shuɗi-shuɗi wajen tsakiya. Wata biyu ke nan da na yi aure. Ranar Juma'a na bar wuƙar a gida, amarya ta gan ta ta ɗauka dauɗa ce, ta sa mata soson ƙarfe da toka har ta yi fari fat, ta ɗauraye ta kife a kwando. Da gari ya waye sai ga jar tsatsa ta feso mata. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, yau kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abokaina kuma kowa da tasa. Wani ya nuna mini a waya yadda Turawa ke jiƙa wuƙa cikin khal, wato ruwan tsamin nan na girki da ake ce wa binega, ta kwana ta yi baƙi, wani ya ce ruwan batir ya fi sauri, wani ya ce in tura ta cikin garwashi. Wanne zan bi in dawo da ita yadda Baba ya bar ta? Kuma na yi laifi da na yi fushi?

Mai tsire, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya kuma sanya albarka a aurenku.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Shawara biyu daga cikin ukun da aka ba ka, ka watsar da su tun yanzu. Ruwan batir asid ne mai ƙarfin gaske, yana cin ƙarfe ya bar masa ramuka, yana ƙona fata, in ya fantsama a ido yana iya makantarwa. Wanda aka zuƙo daga tsohon batir kuma yana ɗauke da dalma, kuma ba mu manta abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Wuƙar da za ta yanka abin da jama'a za su ci ba ta da haɗi da wannan ruwa. Maganar garwashi kuwa ta fi ba ni tsoro, domin kana tsaye kusa da shi kullum, kuma ɓarnarsa ba ta da gyara a hannunka. Lokacin da maƙeri ya ƙera wuƙar nan, ya gasa ta har ta yi jajir, wajen digiri 800, ya tsoma ta a ruwa ko mai ta yi tauri, sannan ya ɗan sake ɗumama ta don kada ta riƙa karyewa kamar kwalba. Wannan shi ne ruwan da ya ba ta, kuma shi ne ya sa take riƙe kaifi. In ka sa ta a wuta za ta canja launi, gaskiya ne, ta yi ruwan ƙasa sannan ta yi shuɗi. Amma lokacin da ka ga shuɗin nan, zafi ya kai wajen digiri 300, taurin ya fara tafiya. Sai ka wasa ta da la'asar, kafin isha ta dakushe. Garin neman gira ka rasa ido.

Abin da za ka yi yau, kafin ka fita wajen tukuba, shi ne ka kashe tsatsar. Tsatsar kwana huɗu sama-sama take. Ka ɗiga mata man gyaɗa, ka samo samfefa mai laushi, lamba 600 ko sama da haka, ka riƙa gogawa daga gindi zuwa tsini, kaifin yana kallon waje. In babu samfefa, toka mai laushi da jiƙaƙƙen tsumma za su yi. Ka wanke da ruwan zafi da sabulu, ka goge ta bushe ƙarau, ka shafa mai kaɗan. Daga nan babu sauran gaggawa, sai mu zauna mu yi magana.

Abu biyu ne ke fitowa a jikin baƙin ƙarfe, mutane kuma sukan haɗa su su kira su da suna ɗaya. Na farko jar tsatsa. Ita tana tasowa ne in ruwa ya kwana a kan ƙarfe iska tana bugunsa. Tana kumbura, tana ɓarewa, tana shan danshi kamar soso, don haka ba ta tsayawa: ta ci sama, ta buɗe ƙasa, ta ci gaba har ta huda. Na biyu shi ne baƙin da ka sani a wuƙar mahaifinka, wanda Turawa ke kira fatina. Shi ma ƙarfen ne ya haɗu da iska da tsamin abin da ake yankawa, amma ya kwanta luf, ya manne, bai kai kaurin gashin kai ba, ko kusa. Da ya rufe fuskar ƙarfen sai ya zama kamar riga, jar tsatsa ta rasa wurin kamawa da sauri. Shi ya sa wuƙar ta yi shekara 20 lafiya, amma da aka tuɓe mata rigar dare ɗaya ya ishe ta.

Farar wuƙar kanti, wadda mata ke ce wa silba, ba ta yin haka saboda an gauraya ƙarfenta da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Shi ke yi mata wata riga da ido ba ya gani. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya fito da irin wannan ƙarfe a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Wuƙar maƙeran baƙi kuwa ƙarfe ce da ɗan sinadarin kabon da bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa daga tsohon sifirin ɗin mota ake saro ta. Kada wani ya ce maka wannan ci baya ne. A birnin Sakai na Japan har gobe ana ƙera wuƙaƙe da ƙarfe mai tsatsa, manyan masu dafa abinci suna sayensu da tsada, domin suna saurin ɗaukar kaifi kuma kaifin ya fi daɗin yanka. Kamfanin Opinel na Faransa, wanda ya faro tun 1890, yana sayar da wuƙarsa iri biyu, mai tsatsa da marar tsatsa, kuma mai tsatsar ba ta rasa masu nema ba. Mahaifinka ya san abin da ya riƙe.

To ka ga, duk wannan bayanin da na yi maka, wa ya taɓa yi wa amaryarka shi? Yarinyar nan ta tashi a gidan da ake auna tsabtar mace da ƙyallin tukunyarta. Tun tana ƙarama an koya mata cewa baƙi a jikin kwano abin kunya ne, kuma ta shigo gidanka da kayan ɗaki masu walƙiya. Ta ga wuƙar da mijinta ke neman abinci da ita ta yi baƙi, ta zauna ta ɓata lokacinta da ƙarfinta, wataƙila har da yankan yatsa, don ka dawo ka yaba. Goge baƙin shekara 20 da soson ƙarfe ba aikin minti biyar ba ne. Abin da ta samu a madadin yabo ka fi ni sani.

Ka tambaye ni ko ka yi laifi. Zafin da ka ji ba laifi ba ne, kuma na fahimce shi sarai. Ba ƙarfe ka yi wa kuka ba. Launin nan shi ne abin da idonka ya saba gani a hannun mahaifinka tun kana yaro kana jera masa tsinke, kuma rasuwar ba ta daɗe ba. Amma faɗan, ita ka yi wa, alhali ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma kai ne ba ka faɗa mata ba. A nan kam da laifinka. Kwana huɗu sun yi yawa ga auren wata biyu. Kada ka jira ta zo ta durƙusa, domin na tabbata ta riga ta ba da haƙuri tun ranar, ko da baki ko da hawaye. Kai za ka je. Ka ce mata ka yi kuskure, sannan ka ba ta labarin mai wuƙar: yadda yake riƙe ta, inda yake ajiye ta, abin da yake ce maka in ka taɓa ta ba izini. Ita ba ta zauna da surukinta ba, ta bakinka kawai za ta san shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa.

Akwai kuma wata gaskiya da zan faɗa maka don ka yi mata adalci. Ba duk baƙi ne fatina ba. Na gaskiya santsi gare shi, in ka goga farin tsumma ba ya biyo shi, in ka sa farce ba ya kankaruwa. Wanda ke taruwa a gindin wuƙa, inda ƙarfe ya shiga ƙota, yana danƙo, farce yana ɗebo shi, wannan tsohon kitse ne da jini, dauɗa ce, kuma wanke shi wajibi ne ga mai sayar da abinci. Ba mamaki wani ɓangare na abin da ta cire ya cancanci cirewa.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Ba zan ɓoye maka ba: babu khal, babu wani ruwa a duniya da zai dawo da wuƙar nan daidai yadda mahaifinka ya bar ta. Rinin da ake yi da gangan launi ɗaya yake bayarwa, toka-toka ko baƙi-baƙi, shafe daga sama har ƙasa. Nasa kuwa dare dubbai ne suka hau kan juna, naman yau a kan albasar jiya. Amma ka ɗauki wuƙar ka dube ta da kyau. Ƙotar da tafin hannunsa ya cinye har ta yi santsi tana nan. Cikin wuƙar da ya rame saboda yawan wasawa yana nan, da irin kwanciyar da ya saba ba wa kaifinta. Soson ƙarfe bai taɓa waɗannan ba.

Duk da haka rinin ganganci yana da amfaninsa, musamman da damina, lokacin da sabon ƙarfe ke yin ja tun kafin ka gama sallamar mai saye. Riga ce ta aro kafin ta gaskiya ta ɗinku. Don haka zan koya maka yadda ake yi, da sharaɗi ɗaya: ka je wajen maƙera ka sayi sabuwar ƙaramar wuƙa mai araha, ka fara gwadawa a kanta. Ba a koyon aski a kan babban mutum.

Farkon aikin wanki ne, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Duk inda maiƙo ya rage, ko da shatin yatsa ne, tsami ba zai kama wurin ba, sai wuƙar ta fito dabbare-dabbare. Ka wanke da sabulu da ruwan zafi sau biyu, daga nan kada ka ƙara taɓa ƙarfen, ƙota kawai za ka riƙa kamawa. Ka samo farin khal na girki, wanda tsaminsa yake wajen kashi 5 cikin 100, ka ɗumama shi ya yi zafi amma kada ya tafasa. A tsakar gida za ka yi, domin tururinsa yana shaƙe mutum. Ka zuba a doguwar kwalba ko gorar roba da aka yanke wa kai, ka tsayar da wuƙar a ciki tsini ƙasa, ruwan ya tsaya daidai inda ƙarfe ya ƙare. Kada ya taɓa ƙota. In tsami ya shige ƙarƙashin itace ba ya fita, zai zauna yana cin ƙarfen a ɓoye har wata rana ƙotar ta girgiɗe.

Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ƙarfen, alamar aiki ya kama ke nan. Ka riƙa ɗan motsa wuƙar don kada kumfan su manne su bar ɗigo-ɗigo. Bayan minti 10 ka ciro. Za ta fito baƙa ƙirin har ka yi murna, amma yawancin baƙin nan gari ne kawai, da ka ɗauraye ka goga tsumma zai tafi ya bar toka-toka. Wannan toka-tokan shi ne na gaskiya. In kana son ya ƙara duhu, ka mayar, ka sake minti 10, ka sake gogewa, sau biyu ko uku. Gajeren tsomi da yawa ya fi dogon tsomi ɗaya kyau da ƙarko. Abin da abokinka ya nuna maka, a bar ta ta kwana, shi ne ban yarda da shi ba. Khal ba ya sanin ya gama aiki. In ya kwana zai ci fuskar ƙarfen ta yi kaushi, ya cinye siririn kaifin, wani lokaci ya bar ƙananan ramuka, kuma rami a wuƙar nama maɓoyar ƙazanta ce.

Da ka gama sai ka kashe tsamin nan take. Ka narka cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, in babu ka jiƙa 'yar kanwa, ka wanke wuƙar da shi sosai. Ka bi da ruwan zafi, domin ƙarfe mai zafi yana busar da kansa, ka goge, ka shafa mai ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙarfen da ya fito daga tsami yana iya yin ja cikin 'yan mintuna in aka bar shi tsirara. Sannan ka wasa ta. Dutse zai cire rinin a bakin kaifi ya bar farin layi siriri, haka ya kamata ya kasance, kada ya dame ka.

Ruwan lemun tsami da jiƙon tsamiya su ma suna yin wannan aiki. Turawa har mastad, wani kayan ɗanɗanon abincinsu mai tsami, suke shafawa don su fitar da zane-zane a jikin wuƙa, amma wannan ado ne, ba shi kake nema ba.

Akwai hanyar da ta fi khal sauƙin hali, kuma ita na fi so. Ka dafa shayi mai kauri sosai, ko ka dama garin kofi irin na gwangwani ya yi baƙi ƙirin, babu sukari babu madara, ka tsayar da wankakkiyar wuƙa a ciki na wasu awanni kana dubawa. Tsaminsu kaɗan ne, ba sa cin ƙarfe kamar khal, kuma baƙinsu ya fi zurfi. Sirrin shayi wani sinadari ne mai suna tanin, wanda in ya haɗu da ƙarfe sai su yi baƙi. Abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Dukawa sun daɗe suna jiƙa kashin maƙera su yi kuloko, su zana shi a kan fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take wurin ya yi baƙi. Bagaruwa cike take da tanin, kuloko kuma ruwan ƙarfe ne. Haɗuwar da ke baƙanta zanen da ke jikin kuben wuƙarka, ita ce za ta baƙanta wuƙar a cikin kofin shayi. Ina jin daɗin wannan abu duk lokacin da na tuna shi, yadda hannun kakanninmu ya riga bayanin masana isa wurin.

In ka gwada a sabuwar wuƙa ka ga ya yi maka, kana iya yi wa ta mahaifinka tsomin shayi sau ɗaya, ba zai cuce ta ba. Amma da ni ne, ko wannan ba zan yi ba. Zan ɗauke ta in koma da ita bakin aiki. Masu sha'awar wuƙa a Turai da Amurka sukan sayi nama musamman su gasa, don kawai su yanka shi da zafinsa su samu shuɗin nan mai kama da wuyan tattabara, domin ba abin da ke fitar da shi kamar ruwan nama mai zafi. Kai kuwa kowane dare kana yanka tsire da balangu daga kan wuta, ka bi da albasa, ka bi da tumatir. Shuɗin da ka gani a tsakiyar wuƙar mahaifinka daga nan ya fito, daidai wurin da nama ya fi taɓawa. Cikin mako biyu za ka ga ta fara rufuwa, kafin shekara ta zagayo ta yi duhu.

Kwanakin farko sai ka yi haƙuri da ita. Sabon ƙarfe yana baƙanta albasa, yana sa mata ƙarni, don haka ka yanka albasar masu saye da wata wuƙar har sai wannan ta yi riga. Kana iya yanka albasa biyu ko uku na banza da ita a gida don ka gaggauta abin.

Sai maganar da ta fi duk rinin nan muhimmanci. Fatina tana rage tsatsa ne, ba ta hana ta. Ko wuƙar ta koma baƙa wuluk, in ta kwana a jiƙe za ta yi ja. Babban abokin gabarta gishiri ne, shi ke haƙa ramuka a ƙarfe, kuma yana cikin jini, yana cikin yajinka. Ka ajiye tsumma biyu a gefen katakonka, ɗaya mai ɗan danshi ɗaya busasshe, masu tsabta, kana canja su kullum. Duk lokacin da za ka ajiye wuƙar, ko na minti biyar ne, ka share da na farko ka bi da na biyu. Masu yankan ɗanyen kifi a Japan haka suke yi, tsumma ba ya barin gefen katakonsu. In ka tuna da kyau, ina kyautata zaton za ka ga mahaifinka yana share wuƙar nan ba tare da ya ko kalle ta ba. Kuma kada ka riƙa ajiye ta a bakin tukuba inda wuta ke lasarta, ko ka tona garwashi da tsininta.

In an tashi aiki, wanki da sabulu da soso mai laushi, bushewa, sai mai ɗan kaɗan, wanda ido zai ga ƙyalli amma yatsa ba zai ji danƙo ba. Man gyaɗa ya isa ga wuƙar da ake aiki da ita kullum. In za ta daɗe a ajiye yakan yi danƙo ya yi wari, a nan man kaɗanya ya fi. Baƙin mai ko man inji kada su kusance ta. Kube na tafiya ne, daga gida zuwa tukuba. Fata tana riƙe danshi, in wuƙa ta yi makonni a ciki da damina za ka zaro ta da tsatsa. In za ta huta, ka naɗe ta a busasshen tsumma ko takarda bayan ka shafa mata mai.

Ranar da ka je ba amarya haƙuri, ka tafi da sabuwar wuƙar gwajin nan da ganyen shayinka, ku yi rinin tare a tsakar gida, ta ga yadda farin ƙarfe ke komawa baƙi a gaban idonta. In ya yi kyau ka bar mata ita ta zama ta girkinta. Ka nuna mata yadda ake shanya ta da yadda ake shafa mai, ka kuma gaya mata cewa duk Juma'ar da ka bar ta Baba a gida, a hannunta ka bar ta.